Shida ga Yuli, Kowace Safiya

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe 4:20 na yamma
Ofishin adana bayanai na asibiti, bayan an tashi

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da ƙafar nan da Mama ta ce tana damunki. Mu nan lafiya, sai mura da ta kama Mama tun Juma'a, amma tana cin abinci. Allah Ya ji ƙan maigidanki Baba, Ya ƙara miki haƙuri.

Direba ya miƙo mini kwalin a tasha da ƙarfe 1:35. A gabansa na buɗe. Na samu faifan ajiya da mai gyara ya ciro daga kwamfutar Baba, naɗe cikin jan ƙyalle. Katin da injin surfani ke karantawa. Ɗan akwatin da ake soka katin, da wayarsa. Tsohon bajon makaranta guda ɗaya. Da takardar da shugabar makarantar ta rubuta layin da za a ƙara. Babu abin da ya fashe.

Ga yadda na fahimci maganar, in na yi kuskure ki gyara mini. Wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar. Injin lafiyarsa ƙalau, amma ba ya ɗinka komai sai abin da aka zuba masa a kati, kuma manhajar zanen Baba ce kaɗai ta iya zubawa. Makaranta tana son bajo 260 kafin 7 ga Afrilu. Ɗanku Yaya kuma ya ce in injin bai ɗinka komai ba zuwa Asabar 29 ga wata, dillali zai zo ya ɗauke shi, a rufe shago, ki koma gidansa.

Matsalar ita ce wannan. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita. Ta Baba tsohuwa ce, an daina yin irinta. Tawa kuma wata iri ce dabam. Manhajar zanen a kan awon ta Baba aka yanka ta, kamar rigar da kika ɗinka wa mutum daidai jikinsa, aka ce wani ya sa. Hanya biyu na sani. Ta farko, in sa tafinta a tsakani, wato wata manhaja da za ta riƙa fassara wa kwamfutata abin da ta Baba ke nema. Ta biyu, in gina ɗan ɗaki a cikin kwamfutata, in zuba tsohon tsarin a ciki, manhajar ta zauna tana zaton a gida take.

Ban taɓa yin ko ɗaya da injin ɗinki ba. A makaranta sau biyu muka gwada, da wasan yara. Ina faɗa ne don na san Mama ta gama gaya wa dangi cewa na karanci kwamfuta, kamar ni na ƙera ta.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki rubuto mini duk abin da Baba yake yi tun daga buɗe ƙofar shago har kati ya zo hannunki. Kada ki tsallake komai, ko da kina ganin ba shi da amfani. Na san waya ba ta yi miki da kunnen nan da ƙarar injin ta cinye, don haka mu ci gaba da wasiƙa ta hannun direba: Litinin da Alhamis ya kawo, Talata da Juma'a ya mayar.

'Yarki,
Agogo, tunda har yau haka kike kirana

*

Laraba, da hantsi. Minti nawa ne, ban duba ba.

Agogo,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi. Ki ce wa uwarki ta daina wanka da ruwan sanyi, ba yarinya ba ce.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ce yarinyar nan ba ta canza ba. Tun kina shekara shida da kika zo mana hutu kike bin mu da "Gwaggo, saura minti huɗu." Marigayi ne ya sa miki sunan, ba ni ba.

Kin fahimci maganar daidai. Yayanki ya gyara mini ɗaki a gidansa, har da talabijin da kujera mai lilo. Me zan yi da kujera mai lilo? Shekara ashirin da biyu ina tsaye gaban injin nan. Ba mugunta yake yi ba, tausayi ne, amma tausayin nasa ya fi ƙarfina.

Ga yadda marigayi yake yi. Ya buɗe ƙofa, ya yaye zanen da muke rufe injin, ya goge shi da tsohuwar singileti, ya ɗiga mai wuri uku. Ya kunna kwamfuta, ya zuba shayi yana jiranta, yana mita wai ta fi shi nauyin barci. In ta tashi, ya buɗe abin nan mai hoton allura, ya yi zanensa, ya soka kati a akwati, ya danna, ya jira jan haske ya mutu, ya miƙo mini. Daga nan aikina ne: firam ɗin da ake ɗaure ƙyalle a kai, zare, allura. Shi bai taɓa ɗaura firam ya miƙe ba, ni ban taɓa zama a kujerarsa ba. Iyakar abin da ya shafi aiki ke nan.

Zancen tafinta da ɗaki kuwa, ki yi wanda kika ga dama. Ni dai ina so in ji ƙarar injin nan.

Gwaggonki

*

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 5:05 na yamma

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mama ta warke, ta ce ki fara daina tsayuwa kafin ki yi mata wa'azin ruwan sanyi.

Ya buɗe! Ranar Asabar da ƙarfe 11:12 na safe, bayan gwaji tara, tafinta ya yi aiki, na ga hoton allurar nan a allona. Sai da na tashi na zagaya ɗakin sau biyu. Faifan bai lalace ba. Zane-zanen Baba suna nan, guda 1,143: bajo, furanni, sunayen jarirai, tambarin ƙungiyar masu kekuna, har da wata kyanwa mai ido ɗaya da ban san ta wa ce ba. Na kwafe su wuri biyu kafin in taɓa komai.

Na ɗauko bajon makaranta, na ƙara layin da shugabar ta rubuta, da irin haruffan da Baba ya yi amfani da su a sama. Faɗinsa milimita 68, daidai da tsohon da kika aiko. Na auna sau uku. Na share katin, bayan na adana abin da ke ciki, don kada ki rikice. Sabon bajon ne kaɗai a kai.

Wani abu na lura da shi, ba mai muhimmanci ba. Kowane fayil yana ɗauke da ranar da aka yi shi. Guda 402 suna da ranakunsu daban-daban, amma sauran 741 duk rana ɗaya suke nunawa: 6 ga Yuli, 1996, lokacin da ba a ma ƙera kwamfutar ba. Ina jin batirin agogonta ne ya mutu. Shirmen tsohuwar na'ura ne kawai, kada ya dame ki. Nawa fayil ɗin da ranar gaskiya ya fito.

Ki gwada a kan ƙyallen banza tukuna. Ki rubuto mini abin da allon injin ya nuna, kalma da kalma.

'Yarki,
Agogo

*

Laraba.

Agogo,

Muna lafiya.

Shugabar makaranta tana zaune a shago direba ya kawo ambulan. Na karanta "Ya buɗe" da babbar murya, na ce mata ta je ta kwanta, bajo ya samu. Har ta sallami wani mai ɗinki da ta fara magana da shi. Bayan ta tafi na soka katin. Allon injin ya ce babu komai a ciki. Na cire, na hura, na goge da gefen zane, na mayar. Babu komai. Sau shida.

Ashe "ya buɗe" a bakinku ba "ya yi" ba ne. Da kin faɗa.

Ga katin nan na mayar. Sauran abin da kika rubuta na gani.

Gwaggo

*

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe 4:50 na yamma

Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafa ba ta tashi ba. Mu lafiya.

Laifina ne. Murna ta sa na fara da kalmar da ya kamata ta zo ƙarshe. Ki ba ni haƙuri, kuma in da hali ki ba shugabar haƙuri a madadina.

Na duba katin: fayil ɗin yana nan, girmansa bai canza ba. Ke nan an rubuta shi, injin ne ya ƙi gani. Na zargi tafinta, don yakan fassara magana daidai amma ya sauya wani ɗan abu da ba a lura ba. Saboda haka na koma hanya ta biyu. Daga Juma'a zuwa jiya na gina ɗakin nan a cikin kwamfutata, na kwafo tsarin Baba gaba ɗaya daga faifan na zuba. Da ya tashi, hoton da ke bangon allonsa ne ya fara fitowa: ke ce tsaye gaban injin, kina harararsa. Yanzu manhajar tana zaune a gidanta na ainihi, babu tafinta a tsakani. Akwatin katin ya ƙi haɗuwa da farko, sai da na nuna wa ɗakin ƙofar da wayar ke shiga. Jan hasken ya kama, ya mutu, kamar yadda kika kwatanta.

Wannan karon ba zan ce ya yi ba. Abin da na sani shi ne an rubuta katin kamar yadda kwamfutar Baba za ta rubuta shi. In wannan ma ya ƙi, abin da ya rage a bincika uku ne: katin, ko akwatin, ko kuma injin ne da kansa ya samu matsala lokacin da wutar ta zo. Ba zan bari ba sai na san wanne ne.

'Yarki,
Agogo

*

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe 6:10 na yamma

Gwaggo,

Lafiya kuwa? Ranar Alhamis na tsaya a tasha daga 1:20 zuwa 2:05, direba ya ce ba a ba shi komai ba. Yau ma haka. Ya ce ya gan ki zaune a ƙofar shago, injin a rufe da zane.

Jiya Yaya ya kira ni yana godiya, wai na tabbatar masa injin ya mutu, ya ga wasiƙata a kan teburin yanka. Gwaggo, ban ce haka ba. Abu uku na lissafa, ya ɗauki na ƙarshe ya bar biyu. Na gaya masa, ya ce, "Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, ki huta." Ya riga ya yi magana da mai motar da za ta ɗauka ranar Asabar. Daga bakinsa na ji katin ya sake ƙi.

Ban huta ba. Na koma kan fayilolin na jera su bisa rana, sai na ga na yi kuskure a wasiƙar 10 ga wata. In batirin agogo ya mutu, kwamfuta irin ta Baba kan koma ɗaya ga Janairu, ko ta tsaya ta tambayi mai ita kwanan wata. Ba ta zaɓar shida ga Yuli da kanta. Wani ne yake buga wannan ranar da hannu, kuma ba sau ɗaya ba, tunda ko a fayil ɗaya ba ta matsa zuwa bakwai ga wata ba.

Ga abu na biyu. Fayiloli uku na ƙarshe masu ranar gaskiya an yi su ne 3 da 4 ga Janairu, 2011. Baba ya sa musu suna "gwaji", da "gwaji kuma", da "gwaji na ƙarshe wallahi". Bayansu, komai 6 ga Yuli, 1996.

Na kira abin shirme alhali ban bincika ba. Tun daga wannan wasiƙar gaisuwarki ta gajarce, kuma sai jiya na haɗa su. In na taka wani abu da ban sani ba, ki yafe mini. Amma ina bukatar amsa: Baba yana buga wani abu da safe kafin kwamfuta ta tashi?

Kuma don Allah ki maido katin ranar Alhamis. Shi kaɗai gare mu, na zaga kasuwar kayan waya ranar Asabar, shago goma sha ɗaya, babu mai irinsa. In ya zo Alhamis zai koma Juma'a. Kwana ɗaya zai rage mana, amma ya isa.

'Yarki,
Agogo

*

Laraba, 26 ga wata. Kin ga yau na duba.

Agogo,

Lafiyata ƙalau, zuciya ce ta yi nauyi. Da katin ya sake ƙi, na rufe injin na ce shi ke nan, a kawo kujerar lilon.

Kin tambaya, zan faɗa, ko da yake ba maganar da babba ke yi da 'yarsa ba ce. Shida ga Yuli ranar aurenmu ce. Kullum da safe, in ya kunna kwamfutar, takan tsaya da baƙin allo tana jira. Sai ya buga ranar da yatsa ɗaya, ya juyo da kofin shayi a hannu ya ce, "Amarya, yau ma ranar ce." Ni kuma in ce, "Tsoho, ka sha shayinka." Shekara goma sha huɗu muna haka. Ko ranar da muka kwana ba ma magana sai ya faɗa, sai dai ya faɗa wa bango.

Mutumin nan bai iya magana mai daɗi ba. Bai taɓa saya mini ko ɗan kunne ba sai na nuna da yatsa. Wannan kaɗai nake da shi, shi ya sa ban sa miki a lissafi ba. Kin ce kada in tsallake komai, ni kuwa ban ɗauke shi aiki ba. Da na karanta "shirmen tsohuwar na'ura," na ninke takardar na sa ƙarƙashin almakashi, na yini ban ci abinci ba. Na san ba da nufi kika yi ba. Amma da zafi.

Ban ga abin da ya haɗa wannan da bajo ba. Ga katin nan dai. Yayanki ya zo jiya da tef yana auna ƙofa, wai ko injin zai fita ba a cire ƙyaure ba. Na ce masa da uban wa aka shigo da shi, ta rufi?

Gwaggonki

*

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe 3:40 na yamma

Gwaggo,

Na gode. Na karanta a tasha, direba ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Dole in gaya miki abin da nake zato, ko da ba zai yi daɗi ba, don kada ki ji shi daga baya. Ina zaton injin ba ya ganin duk fayil ɗin da shekararsa ta wuce 2010. Ina zaton Baba ya ci karo da haka a Janairun 2011, ya yi gwaji uku, ya gane, ya mayar da agogo baya. Katin ya ƙi sau biyu ne saboda na sa wa fayilolin ranar gaskiya. Ɗakin da na gina ma daga agogon kwamfutata yake ɗaukar lokaci, shi ya sa bai tsaya ya tambaye ni ba. Yau na raba su.

Bajo huɗu ne a katin, iri ɗaya sak, rana ce kawai ta bambanta. Na 1, 6 ga Yuli 1996. Na 2, 31 ga Disamba 2010. Na 3, 1 ga Janairu 2011. Na 4, yau. Ki rubuta lambobin da allon ya nuna kafin ki ɗinka komai.

Sannan ki sa a buɗe miki gefen tsohuwar kwamfutar, ki duba ko akwai wani batir zagayayye, fari, kamar babban maɓallin kwat.

In babu abin da ya fito, ki ce wa Yaya ina roƙon mako ɗaya. Zan nemi izini in zo da kaina.

'Yarki,
Agogo

*

Lahadi.

Agogo,

Ɗaya da biyu suka fito. Uku da huɗu ko alamarsu.

Direba bai iso ba sai bayan la'asar ranar Juma'a, taya ta fashe masa, kuma yana isowa aka ɗauke wuta. Sai Asabar da safe na soka katin. Na zaɓi na ɗaya. Na ɗaura ƙyallen banza kamar yadda kika ce, na danna. Agogo, da allurar nan ta sauka sai da na riƙe tebur. Wata biyar ban ji wannan ƙarar ba. Layinki ya fita tsaf, sai dai harafin ƙarshe ya ɗan matsu da gefe. Da marigayi ne, da ya bar masa wuri. Ba wanda zai lura sai ni.

Ina kan bajo na goma sha ɗaya Yayanki ya iso da dillali da ƙarti biyu da igiya. Ya tsaya a ƙofar da ya auna yana magana, ina ganin bakinsa yana motsi. Na nuna masa kunnena, na nuna injin. Dillalin ya zagaya, ya duba ɗinkin, ya ce wani abu, suka yi dariya, ya tafi da igiyarsa. Yayanki ya daɗe a tsaye. Daga baya ya ja kujerar ubansa ya zauna yana yanke mini zare. Bai iya ba, ya ɓata guda biyu. Zuwa yanzu muna da tamanin da huɗu, shugabar ta zo ta gani.

Batir babu a kwamfutar, ramin ne kawai. Amma da kika ce kamar maɓalli sai na tuna. Na juye gwangwanin maɓallan marigayi, ga shi a ƙasa. Na sha ganinsa ina cewa wane irin maɓalli ne babu huda. Na sa miki a ambulan.

To, ashe injin yake lallashi, ba ni ba. Shekara goma sha huɗu ina jin kunya a banza, tsohon yana gyaran na'urarsa. Ba komai. Shago dai ya tsaya, kuma ke kika tsayar da shi. Allah Ya yi miki albarka.

Gwaggonki

*

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 4:35 na yamma

Gwaggo,

Alhamdu lillahi. Mama ta yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Ki riƙa zama tsakanin firam da firam saboda ƙafar. Sauran bajo 176. In kina yin talatin a rana, za ki gama Asabar, kwana biyu kafin a koma makaranta. Harafin ƙarshe kuma na gani, zan matsar da shi milimita ɗaya a zane na gaba.

Amma ban yarda da ƙarshen wasiƙarki ba, kuma ba don in faranta miki ba. Ki duba abin da ke hannunki. Na 2 ma ya fito, kuma ba ranarku ba ce. In lissafina daidai ne, kowace rana daga farkon 1980 zuwa ƙarshen 2010 za ta yi, wato kwana 11,323. Injin bai damu da wacce ba. Sannan da Baba ya bar batir a ciki, ko ya sayi sabo, sau ɗaya zai buga ranar, agogo ya ci gaba da tafiya da kansa shekara goma sha huɗu da rabi kafin ya sake kaiwa inda injin ke ƙi. Da ya ishe shi har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya gane matsalar cikin kwana biyu ya san wannan. Ya cire batirin ya jefa cikin maɓallai, kwamfuta ta riƙa tambayarsa kowace safiya.

Na samu hutu daga 14 ga Afrilu. Zan zo da tsohuwar kwamfutar hannu da na yi karatu da ita, in gina miki ɗakin a ciki, in koya miki zama a kujerar. Ba zan tafi ba sai kin zuba kati da hannunki sau uku ba tare da na yi magana ba.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

1. Dalilin da ya sa injin ya tsaya a 2010. Rana biyu kawai na tabbatar suna yi, biyu ba sa yi.
2. Ko tafinta ma zai yi aiki da tsohuwar rana. Ban gwada ba.
3. Kwana nawa katin nan zai ƙara yi, da inda za a samu na biyu.
4. Ko batirin yana da rai ranar da Baba ya cire shi. Na auna, a mace yake, amma shekara goma sha huɗu a gwangwani za su kashe kowane batir.
5. Ta wa ce kyanwa mai ido ɗaya.
6. Zan iya ɗaure agogon ɗakin a shida ga Yuli, ya zauna haka ba sai an taɓa ba. Zan kuma iya sa shi ya tsaya da baƙin allo kowace safiya, ya jira a buga masa. Aikin minti biyar ne ko wanne. Ban san wanda kike so ba.

'Yarki,
Agogo